Idon Tela Zai-Girma

Faɗanmu na farko da shi a kan rigar makaranta ne. Babbar 'yata tana da shekara shida, za ta shiga aji ɗaya, na ɗauki yadin da na sha wuya kafin in saya na kai wa sabon telan da ya kama shago a bakin layinmu. Siririn mutum ne, tef rataye a wuya, idan yana magana ba ya kallon fuskar mutum sai kafaɗarsa. Ya auna yarinyar sama da ƙasa, ya rubuta da alli a jikin bango, ya ce in dawo ranar Laraba.

Ranar Laraba na zura mata rigar a gabansa. Kafaɗar ta sauko kusan gwiwar hannu. Ƙasan rigar an kalmashe shi ninki biyu, faɗin yatsa huɗu, ya yi tauri, yarinya ta tsaya a tsakiyar shago kamar an kifa mata bokiti. Na ce masa ni 'yar shekara shida na kawo, shi kuma gwaggonta ya ɗinka wa. Na ce in awon ne bai iya ba ya faɗa mini, masu gawayi suna neman mai taya su ɗinke bakin buhu. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Ai za ta girma," in ji shi.

"Na san za ta girma, ba turmi na haifa ba. Ranar Litinin fa? Wa za mu aika makarantar kafin ta girma?"

Mutane suka fara taruwa a ƙofa, ni kuwa da na ga 'yan kallo bakina ƙara kaifi yake yi. Na ce to ya ba ni ragowar yadina, tunda na san halin teloli. Sai ya cire wa yarinyar rigar a hankali, ya juyo cikinta waje, ya shimfiɗa a kan tebur. Duk inda ɗinki ya bi, ya bar yadi kwance a ciki, gefe da gefe, ƙarƙashin hammata, kugu da ƙasa. Ya ce yadina yana nan gaba ɗaya, ko ƙyalle bai rage wa kansa ba, duk shekara in kawo ya farke ya saki kaɗan, ba sai na biya ba. Na fizge rigar, na ja hannun 'yata, ina faɗa har gida.

Rigar nan sai da ta kai ta aji huɗu, sannan ƙanwarta ta gada. Ban taɓa ce masa na gode ba. Suna na ba shi, Zai-Girma, sunan kuwa ya bi shi, har maiɗakinsa idan ta aiko da abinci cewa take a kai wa Zai-Girma.

Da maigidana ya rasu ya bar ni da yara huɗu, na rasa inda zan kafa tebur in sayar da wani abu. Shi ne ya turo matarsa ta ce mini akwai inuwa a gefen ƙofar shagonsa, in ina so. Mutumin da na zage a bainar jama'a. Na kafa teburina na zare da allura da maɓalli da zif da robar wando, na zauna shekara ashirin da shida. Na girme shi da shekara biyu, don haka Yaya yake ce mini. Ni kuma Tela nake ce masa, sai in raina ya ɓaci in kira ɗayan sunan.

Shagon ɗaki ɗaya ne mai taga ɗaya. Baƙin kekensa na ƙafa yana ƙarƙashin tagar, teburin yanka yana jingine da bango, kayan mutane rataye a ƙusoshi. A ƙarƙashin teburin akwai akwatin ƙarfe, a cikinsa kuma akwai na biyun kowane abu, almakashi, tef, bel ɗin keke, kwalbar mai. Mutumin nan ba ya sayen abu guda. Kullum da safe zai sayi burodi ya ajiye na gobe, ya ciro na jiya ya ci da shayi. Na ce masa in ya tsallake kwana ɗaya tak zai riƙa cin mai laushi har ƙarshen ransa. Ya ce to ranar da mai burodin bai fito ba fa? Mai burodin bai taɓa fashi ba, shi kuma ban taɓa ganin ya ci burodi mai laushi ba.

Ni ba haka nake ba. Ranar da ciniki ya yi kyau, ranar nama ke shiga tukunyata. Zai leƙo ya kalli kwanona ya ce, Yaya, gobe fa? In ce masa goben ta zo ta tambaye ni da bakinta. Ba zan ce hanyata ta fi tasa ba. Akwai lokutan da yarana suka kwana da ruwa a ciki, tasa 'yar kuwa, ita kaɗai Allah ya bar masa, ta yi karatu har ta zama malamar makaranta a wani gari. Sauran teloli dariya suke masa. Suna cewa tela mai wayo daidai jiki yake ɗinkawa, yaro ya girma a dawo da sabon yadi, shi kuwa da hannunsa yake kashe kasuwarsa. Bai taɓa musu da su ba. A hankali uwar da ta ga riga ta yi shekara uku ta kawo ƙanwarta, ƙanwar ta kawo maƙwabciya, har ya zama rabin yaran unguwar ɗinkinsa ne a jikinsu.

Bayan rasuwar maiɗakinsa da kamar shekara biyu, wata safiya ya leƙo ya ce in taimaka in zura masa zare, hasken yau ba shi da kyau. Rana tarwai a waje. Na shiga na zura. Washegari ma haka. Kafin wata ya ƙare abin ya zama aiki, duk lokacin da zaren keke ya tsinke sai ya ƙwanƙwasa tebur sau biyu da almakashi, in tashi in shiga. Na ga ya ɗauki shuɗin zare zai bi baƙin wando, na musanya masa ban ce komai ba. Na ga ya laluba yana neman allin da ke gaban hannunsa na hagu, na tura masa da yatsa.

Laifina a nan yake, kuma gara in faɗa da bakina. Shekara guda cur ina gani ina shiru. Rabin zaren da nake sayarwa shi ke saye, in keken ya tsaya teburina ma ya tsaya. Ban da wannan kuma, yarana duk sun watse, gidana shiru, ga wani yana bukatata sau goma a wuni. Ƙwanƙwasar nan daɗinta nake ji. Ni da nake gaya wa kowa gaskiyarsa ko bai tambaya ba, wannan na haɗiye ta.

'Yarsa ce ta gano. Ta zo hutu, ta miƙa masa kofin ruwa ta gefen hagu, ta yi ta riƙe da shi bai san tana miƙowa ba. Kwana biyu ta ja shi asibitin ido. Da suka dawo ta zauna a bencina, ta ce, Inna, hawan jinin ido ne. Likita ya ce ciwon yana cin gani daga gefe a hankali, ba zafi, abin da ya cinye kuma ba ya dawowa. Na hagu saura kaɗan ya tafi. Na dama za a iya tare shi in an yi aiki da wuri, sannan a riƙa ɗiga magani safe da yamma a duka biyun. Bayan aikin kuma sati shida ba keke, ba sunkuyo, ba ƙurar yadi.

Ranar da aka ba su ta yin aikin, saura sati uku a koma makaranta. A wannan lokacin ne yake samun abin da ke riƙe shi rabin shekara, yadin yara sun fi arba'in jibge a kan tebur, kowanne da sunan mai shi a jiki. Ya ce a bari ya gama kayan makaranta. Yarinya ta roƙa, ta yi kuka, hutunta ya ƙare. Ta sayi maganin, ta ce za ta riƙa aiko da kwalba duk wata, ta kama hannuna ta ce in sa masa ido.

Ya gama kayan makaranta, sai wani ya kawo aikin rigunan masu gadi, ya ce irin wannan ba ya zuwa kullum. Ya gama wannan, ya ce a bari damina ta wuce. Duk lokacin da na tayar da maganar sai ya ce akwai saura a ciki, yana ji a jikinsa. Wato a tunaninsa yadda yake barin yadi a cikin ɗinki, haka aka bar masa gani a ninke, in ya matse a farke a saki. Ni kuma in yi masa masifa da baki, sannan in ji ƙwanƙwasa in tashi in zura zare.

Wata rana ya ce in ɗauko masa sabon alli a akwatin ƙarfe. Na buɗe na tarar da kwalaben maganin ido jere a kusurwa, guda biyar, ko murfinsu ba a taɓa ba. Ni ban san baƙi ba, abin da ke rubuce a jikinsu ban iya karantawa, amma na san me ake nufi da safe da yamma, na kuma san watanni nawa yarinyar nan take aikowa. Na ɗebo su a zanina na zube masa a kan keke.

Har da fara'arsa ya yi mini bayani. Ɗigo ɗaya yake yi bayan kwana biyu, a idon dama kawai, tunda na hagu ya riga ya gaji, ɗiga masa ɓarna ce. Kwalbar wata ɗaya ya kai ta wata uku. Magani yana da tsada, yarinya tana da nata yaran, wata rana za ta kasa aikowa, ranar sai ya buɗe akwati.

"Idan idon ya tafi fa, Zai-Girma? A kunne za ka riƙa ɗigawa?"

Ya yi dariya, ya ce bakina dai ba ya tsufa. Ya kwashe kwalaben ya mayar inda suke.

Da ya fita salla na cire bel ɗin keken na cusa a ƙarƙashin teburina. Wautata ke nan, na manta da wa nake yi. Ya dawo ya taka feda ya ji wayam. Na ji ƙarar murfin akwati. Kafin in gyara zama keke ya ci gaba da kuka.

Washegari da hantsi zaren ya tsinke. Ya ƙwanƙwasa sau biyu. Ban tashi ba. Ya sake ƙwanƙwasawa. Can ya leƙo ƙofa.

"Yaya, ba ki ji ba ne?"

"Na ji. Na daina."

Ya ɗan tsaya, sannan ya koma ciki. Daga inda nake zaune ina hango shi ta gefen ƙofa. Ya lashi bakin zaren, ya sunkuya har goshinsa yana taɓa keke, ya tura, zaren ya wuce ta gefe. Ya yanke bakin da almakashi ya sake. Ya sa farar takarda a bayan allurar. Ya goge tabarau da bakin riga, ya mayar, ya cire. Ya karkatar da kai yana neman kafar allurar da ɗan hasken da ya rage masa. Mutane suna wucewa, ko wanne ya kira zai zura masa, amma kunya ba ta bar shi ba. Wata mata ta zo karɓar ɗinki, ya ce ta yi haƙuri sai gobe. Tunda na zauna a wurin nan ban taɓa jin shagon ya yi shiru irin na ranar ba. Na juya fuskata titi, wanda ya tambaye ni me ya sami idona na ce hayaƙin mota ne.

Wajen azahar ya fito ya zauna a ƙarshen bencina, abin da bai taɓa yi ba a lokacin aiki. Zaren yana hannunsa, yana naɗe shi a yatsa yana warwarewa.

"Ba don kuɗin kaɗai ba ne," in ji shi. "Yanzu ko kaɗan ne, ina gani. Ina ganin hanya, ina ganin teburinki. In na kwanta suka yanka, suka buɗe ban ga komai ba fa? Wannan na hannuna na san shi. Wancan da likita yake faɗa ban gan shi ba."

Na ce masa ban sani ba, ni ba likita ba ce, kuma ba zan yi masa rantsuwa a kan abin da ban gani ba. Abin da na sani shi ne a da yana zura zare ko da ƙyar, yanzu ba ya iyawa, baɗi kuma ban san me zan riƙa tura masa da yatsa ba. Na gaya masa na daɗe da sani na yi shiru don cinikina da jin daɗin kaina, kuma in ya makance da hannuna a ciki. Na ce zare dai na gama zurawa, ko zai kore ni daga inuwarsa.

Na zaci fushi ya yi. Sannan ya ajiye zaren a kan teburina.

"Sa a kira mini yarinyar nan," ya ce.

Abin haushi, lokacin komawa makaranta ya sake zagayowa. Ni na ɗauki yadin mutane a ka na bi gida gida ina mayarwa. Wasu suka ce Allah ya ba shi lafiya, za su jira. Wasu suka kai wa telan bayan kasuwa, kuma ba su sake dawowa ba, har wata da na san ya yi shekara goma yana sakar wa yaranta riga kyauta. Na gaya mata abin da ya sawwaƙa a ƙofar gidanta. Aka yi masa aikin. Sati shida shagon yana kulle, teburina kuma sai mai neman maɓalli ɗaya. Ban ga nama ba sai a hannun mutane. Da la'asar nake rufe kaya in tafi gidansa, in same shi zaune a miƙe kamar sanda, an hana shi sunkuyo, 'yarsa tana gadinsa. In kwashe labarin layi kaf in ba shi, wanda ya faru da wanda na ƙara.

Ba na wurin ranar da aka cire bandejin, 'yarsa ce ta ba ni labari. Ta ce ya daɗe yana kallonta, ita kuma ta kasa tambayarsa ko yana gani. Can sai ya ce wa ya ɗinka mata rigar nan, kafaɗar dama ta fi ta hagu tsawo. Ta ce a nan ta durƙushe tana kuka tana dariya, har likitan ya ce ta fita waje.

Na hagu bai dawo ba. Likitan ya ce da an zo a ranar farko da aka ba su, wataƙila da an ceci wani abu a ciki. Na dama ya tsaya inda aka tare shi, ya ce kamar mai leƙe ta cikin bututu yake gani, abin da ke gabansa sarai, gefe kuwa babu. Da wannan ya ƙara shekara huɗu a kan keke. Ya daina karɓar aiki mai wuya, sai labule da rigar filo da gyare-gyare. Na koma zura masa zare, amma da sharaɗi. Kowace safiya kafin ya taɓa feda zai zauna a bencina ya ɗaga kai, in buɗe idon da yatsa in ɗiga da kaina. Yana cewa hannuna kamar na mai faskare, ina cewa ya yi shiru kar in ɗiga masa a hanci. Da yamma kafin mu rufe a sake.

Gwiwa ce ta tayar da shi daga ƙarshe, ba ido ba. Feda ta fi ƙarfinsa, 'yarsa ta ce ba za ta bar shi shi kaɗai ba, ta zo da mota. Ya yi shekara biyu a wurinta. Daminar da ta wuce ta kira ta ce Baba ya rasu, da safe, bayan ya sha shayi. Ta ce har ranar yana gani, ya ga autarta ta fara tafiya, shi ne ma yake zama a tsakar gida tana tahowa wurinsa tana faɗuwa. Shagon yanzu wani mai gyaran waya ne a ciki, ba ya gaisuwa.

Waccan ranar da 'yarsa za ta tafi da shi, na shirya maganganu masu kyau tun daga gida, ina ta maimaita su a hanya. Na same shi an zaunar da shi a gaban mota, an ɗaure keken a baya da igiya. Ya juyo da kansa gaba ɗaya don ya sa ni a cikin ɗan abin da yake gani. Ya ce, Yaya, sai kuma ya tsaya. Na san in na bar shi ya ƙarasa, a gaban mutane zan ji kunya. Duk abin da na shirya ya gudu. Na dafa ƙofar motar na sunkuya.

"Safe da yamma, Tela. In na ji labarin kwalba ta wuce wata ɗaya, mota zan hau in zo in ɗiga maka da kaina, kuma ka san hannuna."